Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙon Sassaƙar Nyamwezi a Berlin

Zuwa ga shugabannin Gidauniyar Adana Kayan Al'adu ta Prussia, da masu kula da sashen Afirka na gidan kayan al'adun al'ummomi da ke Humboldt Forum, a birnin Berlin.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni Bahaushe ne, jikan masassaƙi. Ban fito daga Tabora ba, cibiyar ƙasar Nyamwezi a Tanzaniya, kuma ba wanda ya naɗa ni wakilin mutanen Nyamwezi. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na tashi a gidan da ƙarar gizago ke tashin yara da asuba, kuma na san abin da ake nufi idan aka ce hannun wane ne ya yi wannan aiki. A kan wannan hannun nake rubuto muku.

Kakana turmi yake sassaƙawa, da taɓarya, da akushi, da kujerar mata, da allon makaranta. Wata rana ina yaro wata mata ta kawo masa turmin da ya tsage, tana cewa a wurinsa mijinta ya saya shekarun baya. Bai yi mata musu ba. Ya kwantar da turmin, ya zura hannu ciki, ya shafa saran gizagon da yatsunsa tun daga gindi har baki, sannan ya ɗago ya ce mata, "Baiwar Allah, wannan ba sarana ba ne. Mai wannan bahago ne, kuma na san shi." Ya faɗi sunan mutumin da ƙauyensu. Ya ɗaure mata turmin da ƙarfe, ta tafi. Tun ranar na gane cewa itace ba ya ɓoye wanda ya taɓa shi. Kowane sassaƙe da ke cikin ɗakunan ajiyarku yana ɗauke da irin wannan shaida, ko an rubuta sunan mai shi a takarda ko ba a rubuta ba.

A hannunku akwai kaya kimanin dubu goma da suka fito daga ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, kuma mafi yawansu sun iso ne tsakanin 1885 da 1918, lokacin da Jamus ke mulkin yankin. Daga cikinsu guda biyu ne suka hana ni sakat.

Na farko kujerar sarauta ce daga masarautar Buruku ta ƙasar Nyamwezi, wadda ta iso Berlin a ƙarshen ƙarni na 19. A hoto na fara ganinta, kuma na daɗe ina kallon hoton nan. Kujera ce mai dogon majingini, an fitar da ita daga gungumen itace. A bayan majinginin akwai siffar mutum manne da shi, kansa ya leƙo ta sama, hannuwansa sun kama gefe da gefe, kamar wanda ya rungume duk wanda zai zauna. Wanda bai taɓa riƙe gizago ba zai ce kyakkyawa ce, ya wuce. Ɗan gidan sassaƙa kuwa tambaya zai yi: yaya aka rarake cikin majinginin har ya lanƙwasa haka ba tare da ya tsage ba? Wata nawa aka bar gungumen ya sha iska kafin a sa masa ƙarfe? Ta ina aka fara, ta kan mutumin ko ta mazaunin? Kuskuren sara ɗaya a wuyan siffar nan ya isa ya ɓata aikin wata da watanni. Wanda ya yi ta gwani ne da ya kai maƙura, kuma ba shakka a zamaninsa duk yankin sun san sunansa, kamar yadda kakana ya san bahagon nan. Yau littattafan fasaha na duniya suna buga hoton kujerar, ƙarƙashinta a rubuta sunan ƙabila da sunan gidanku.

Na biyu shi ne mutum-mutumin da ake kira Kigiilya, daga tsibirin Ukerewe da ke Tafkin Victoria. Wannan kam Allah ya sa ba a rasa sunan mai shi ba, domin dattawan tsibirin sun riƙe shi a ka har masu binciken tarihi suka zo suka ji daga bakinsu: wani masassaƙi Banyamweze mai suna Buzuzya ne ya yi shi a fadar sarki Machunda, a ƙarni na 19. Daga Machunda ya koma hannun magajinsa Rukonge. A 1895 Jamusawa suka tumɓuke Rukonge, aka fitar da Kigiilya daga fada, ya faɗa hannun 'yan mishan na Katolika da ke tsibirin, sannan hafsan soja Paul Kollmann ya ɗauke shi, ya ƙare a Berlin a 1897. Ku dubi wannan tafiya da kyau. Babu inda aka yi ciniki da mai kaya. Sarki ne aka kora da bindiga, aka kwashe abin da ya bari.

Labarin Buzuzya ya ƙara nuna wani abu da ya kamata duk mai zuwa kallo a gidanku ya fita da shi. Me ya kai masassaƙin Nyamwezi wani tsibiri mai nisa da garinsu? Amsar tana cikin ko su wane ne Nyamwezi. Mutanen hanya ne. A ƙarni na 19 su ne ƙashin bayan fatauci tsakanin bakin tekun Indiya da manyan tafkuna: ayarinsu kan taso daga yankin Tabora ɗauke da hauren giwa a kafaɗa, su yi wata da watanni a ƙasa har Bagamoyo da ke bakin teku, su komo da yadi da duwatsun ado da waya da bindigogi. Bahaushen da ya ji labarin fataken Gwanja, da madugu da zango, ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ba kuma zan wanke su tas ba: cikin wannan fatauci akwai cinikin bayi, kuma Mirambo, sarkin Urambo da ya rasu a 1884, da yaƙi ya gina ikonsa, da rundunarsa ta matasa da ake kira ruga-ruga. Wani ɗan yankin, Msiri, har Katanga da ke ƙasar Kongo ta yau ya je ya kafa daula. Mutanen da suka yi irin wannan yawo, sana'arsu ma ta yi yawo. Duwatsun adon da ake dasawa a idon siffofinsu ta wannan hanyar suka shigo. Masassaƙinsu yakan sauka a fadar wani sarki ya yi masa aiki. Saboda haka sassaƙar Nyamwezi sana'a ce ta mutanen da suka san duniya, suka san kasuwa, suka san abin da sarki ke so a gani a fadarsa. Sunan ma kansa, mutanen bakin teku ne suka yaɗa shi, suna kiran duk wanda ya fito daga can yamma da shi, alhali a gida masarautu ne da yawa, kowace da ntemi nata, wato sarkinta. Idan aka rubuta "Nyamwezi" kawai a ƙarƙashin sassaƙe, an haɗa Unyanyembe da Urambo da Buruku da sauransu an cusa a buhu ɗaya an ɗaure.

Na san wasu 'yan'uwana Hausawa da za su karanta wannan wasiƙa za su ce, me ya haɗa Musulmi da kuka a kan gumaka? Ina ganin girman tambayar, kuma ga amsata. Kujerar sarauta ba gunki ba ce. Da yawa daga siffofin nan tunawa ce da kakanni, ko alamar mulki, wasu kayan aikin masu duba ne da masu magani, wasu kuma na dandali ne. A wajen maƙwabtansu Sukuma, waɗanda harshe da al'ada suka haɗa su, ƙungiyoyin rawa biyu, Bagika da Bagalu, kan yi gasa bayan girbi, kowane ɓangare na fito da dogayen siffofin itace masu motsin hannu da ƙafa don ya janye 'yan kallo zuwa gefensa, wanda ya fi tara jama'a shi ya ci. Ko da kuma a ce wani abin na bauta ne, addinina bai ba ni izinin in ce halal ne a ƙwace shi da bakin bindiga a kai wata ƙasa ba. Jikokin masu kayan nan yau da yawansu Musulmi ne, da yawa Kirista. Abin da za su yi da gadon kakanninsu shawararsu ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranku ya daɗe, yadda kayan suka taru a wurinku ba ɓoyayye ba ne, a cikin takardunku yake. A 1889 gwamnatin Jamus ta yanke cewa kayan al'adu da aka samo daga ƙasashen da take mulka da kuɗin hukuma, gidanku na Berlin za a fara kai wa. A 1896 Felix von Luschan, wanda ke kula da kayan Afirka a gidan, ya buga jagora musamman domin masu tattara kaya a Gabashin Afirka ta Jamus, kuma hafsoshi da ma'aikatan mulki su ne manyan masu aiko masa. Shekara guda bayan haka Richard Kandt, wanda daga baya ya zama wakilin Jamus a Ruwanda, ya rubuta wa Luschan cewa da wuya a sami wani abu ba tare da an ɗan yi amfani da ƙarfi ba, kuma a ganinsa rabin abin da ke cikin gidanku sato shi aka yi. Mutuminku ne ya faɗa, a lokacin da abin ke faruwa, ga wanda ke karɓar kayan. A ƙasar Nyamwezi kuwa an ga irin ƙarfin da ake nufi. A watan Janairun 1893 sojojin Jamus ƙarƙashin Tom von Prince suka fasa ganuwar Isike, sarkin Unyanyembe, kusa da Tabora, bayan ya daɗe yana turjiya. Da ya ga an ci garin, ya cinna wa rumbun albarushinsa wuta don kada ya faɗa hannunsu. Bayan irin wannan rana, idan hafsa ya shiga fadar wani ƙaramin sarki ya nuna kujera ya ce yana so, wa zai ce a'a? Kalmar "kyauta" da aka rubuta a rajista a irin wannan yanayi tana bukatar a sake auna ta.

Sai dai ba na so in yi muku rashin adalci, kuma ba na so in yi wa masassaƙan kansu. Ba duk abin da aka sassaƙa a zamanin mulkin mallaka ne aka ƙwata ba. Da Turawa suka yawaita, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Tabora a 1912, kasuwa sabuwa ta buɗe, masu gizago a faɗin ƙasar suka ga masu saye. Aka shiga sassaƙa siffofin da ba a taɓa nufin su shiga fada ko ɗakin magani ba: askari, wato sojan mulkin mallaka, da jar hularsa, ɗan dako da kayansa a ka, mace da goyo, har Baturen kansa da hular rana. Wasu masana sun daɗe suna raina irin waɗannan, wai ba na asali ba ne. Ni ban yarda ba. Kakana ya sassaƙa akushi don gidan sarki, ya kuma sassaƙa don kasuwar ƙauye, hannun ɗaya ne. Mutumin da aka ɗora wa harajin ɗaki, ya ɗauki gizagonsa ya fitar da siffar sojan da ke zuwa karɓar harajin, ya sayar wa ubangidan sojan ya biya, wannan mutum ya bar mana shaidar yadda idonsa ya ga zamanin. Tarihin mulkin mallaka kusan duk daga alƙalamin masu mulkin muke karanta shi. Siffofin nan suna cikin 'yan wuraren da wanda aka mulka ya zana mai mulkinsa. Daga irin wannan kasuwa ce ma sana'ar ta tsallaka iyaka: Mutisya Munge, Bakambe daga Kenya da ya yi aikin dako a rundunar Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a wurin masassaƙan Zaramo na kusa da Darussalam ya ga irin wannan aiki, ya koma garinsu Wamunyu ya dasa sana'ar da dubban mutane ke ci da ita har yau. Abin da nake roƙo shi ne ku rarrabe. Wanda aka saya da yardar mai shi, ku faɗa, ku nuna shi da daraja a matsayin aikin gwani na zamaninsa. Wanda aka ɗauka bayan an ƙone gari ko an kori sarki, shi ma ku faɗa da baƙaƙen da kowa zai iya karantawa, a jikin gilashin da yake ciki.

Rashin wannan rarrabewa yana da illa har wajen gidanku. Na taɓa tsayawa a wani shagon masu sayar da kayan gargajiyar Afirka, aka nuna mini wata doguwar siffa siririya mai idon dutsen ado, aka ce ta Nyamwezi ce, tsohuwa, aka faɗi kuɗin da ya fi abin da masassaƙi zai samu a shekara. Na tambayi garin da ta fito da wanda ya yi ta, mai shagon ya ce ai irin waɗannan ba a sanin masu su. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya faɗi haka ne hankali kwance domin manyan gidajen tarihi sun shekara fiye da ɗari suna koya wa duniya cewa sassaƙen Afirka ƙabila ce ke yin sa, ba mutum ba. In kuka canza, kasuwa za ta bi.

Na ga matakan da kuka ɗauka, kuma ba zan rufe ido a kansu ba. Masu bincikenku sun yi shekaru suna aiki da Gidan Tarihi na Ƙasa na Tanzaniya da Jami'ar Darussalam a kan asalin kayan. A 2022 hukumar gudanarwarku ta ba da izinin a mayar da kayan da aka kwaso a yaƙin Maji Maji na 1905 zuwa 1907, wato boren da mutanen ƙasar suka yi wa Jamusawa. A 2022 ɗin dai kuka miƙa wa Najeriya mallakar tagullan Benin 512, kuma a watan Disamba ministocin Jamus biyu suka kawo kashin farko Abuja da hannunsu. A ranar 1 ga Nuwamban 2023 shugaban ƙasarku Frank-Walter Steinmeier ya tsaya a garin Songea na Tanzaniya ya nemi gafarar abin da Jamusawa suka aikata. A ƙarshen 2024 kuka buɗe baje koli kan tarihin Tanzaniya tare da abokan aikinku na can. Duk wannan ya nuna hanyar a buɗe take. Abin da ya yiwu ga Benin zai yiwu ga Buruku da Ukerewe. Tsorona shi ne jinkiri. Ƙoƙon kan Mkwawa, sarkin ƙabilar Hehe ta Tanzaniya, wanda Jamusawa suka kai ƙasarsu, an sa batun mayar da shi cikin yarjejeniyar Versailles ta 1919, amma bai koma gida ba sai 1954. Dattawan da ke riƙe da sunayen masassaƙa da waƙoƙin fada ba za su jira shekara talatin da biyar ba. Kowace damina ana binne wasu.

Don haka ku fara da mallaka. Ku miƙa wa Tanzaniya ikon kujerar Buruku da Kigiilya da duk abin da bincikenku ya nuna da ƙarfi aka ɗauka, a rubuce, ba aro ba. Idan bayan haka masu kayan suka ga dama su bar muku wani ku nuna na ɗan lokaci, wannan alherinsu ne. Ku kuma tabbatar zancen bai tsaya tsakanin Berlin da Darussalam ba. Gwamnatin Julius Nyerere, shugaban ƙasar na farko, ta soke ikon sarakuna a 1963, amma gidajen sarautar ba su mutu ba, zuriyarsu na nan, an san su. A Kwihara, wajen Tabora, gidan da Baturen nan mai yawon bincike, David Livingstone, ya sauka a 1872 an mai da shi wurin tarihi da ake kai 'yan makaranta. Yaran nan sun cancanci su ga abin da kakanninsu suka sassaƙa a garinsu, kamar yadda Sukuma ke da gidan tarihinsu a Bujora kusa da Mwanza.

Kafin akwatunan su tashi, akwai aikin da ba ya buƙatar jiran sa hannun minista. Ku ɗauki hoton kowane sassaƙe ta kowace fuska, har da gindi da ciki inda saran ƙarfe ya fi fitowa, ku haɗa da abin da rajistarku ta ce, ku fassara shi da Swahili, ku sa a intanet, ku kuma buga a takarda a kai ƙauyuka, domin ba kowane tsoho ke da babbar waya ba. Ku gayyato masassaƙan da ke aiki yau a dazukan miombo na Tabora, masu fitar da kujeru da ganguna daga itacen mninga, ku tsaya musu a kan biza, ku bar su su taɓa kayan da hannu. Za su gaya muku abin da na'ura ba za ta gaya muku ba: wane itace ne, ɗanye aka sare shi ko busasshe, waɗanne biyu ne suka fito daga hannu ɗaya. Ku biya su kamar yadda kuke biyan kowane masani, ku rubuta sunayensu a kan abin da suka gano. Sannan ku faɗi gaskiya game da magungunan ƙwari masu guba da gidajen tarihi suka riƙa zuba wa kayan itace a da, kada wani jikan sarki ya rungumi kujerar kakansa ya kwashi cuta.

Akwai masu cewa kayan sun fi samun tsaro a Turai. Ku kun fi kowa sanin raunin wannan magana. Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe tsohon ginin gidanku, wasu kayan suka salwanta, sojojin Tarayyar Sobiyet suka kwashe dubbai zuwa Leningrad, daga can aka kai su Leipzig, ba su dawo hannunku ba sai bayan haɗewar Jamus a 1990. Kun ɗanɗana zafin a ɗauke muku abu a ce ganimar yaƙi ce, kun kuma san daɗin ranar da aka buɗe akwati aka ga ya dawo. Mutanen Ukerewe suna jiran irin wannan rana tun 1895.

Ina roƙon ku sanar da jama'a ranar da za ku miƙa mallakar kayan nan biyu, kuma daga yau duk inda za a nuna Kigiilya ko a buga hotonsa, a fara rubuta sunan Buzuzya kafin na Kollmann.

Na gode da sauraro. Allah ya ba ku ikon sauke wannan amana.

Naku,
Jikan masassaƙi, daga ƙasar Hausa